Kunnen da Na Saya wa Jitar Baba

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasa yake shigowa Kafanchan har kwanon rufin gidanmu ya yi ta rawa, babana yana da wata jita da yake ji da ita fiye da duk abin da ya mallaka. Mu 'ya'yansa ma ina jin da ƙyar muka sha gabanta. Abin da ya tono mini zancen, wani daga cikinku masu bibiyata ne ya turo mini bidiyon wani saurayi yana kaɗa jita shi kaɗai, yana taka wani ɗan akwati da ƙafa, kiɗi yana hawa kan kiɗi kamar taron makaɗa, ya ce in kalla in ga zamani. Na kalla. Wunin ranar ban ci abincin kirki ba. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin, ko na ɗan rage nauyi.

A kwatas ɗin reluwe muka taso. Baba yana gyaran tarago, abokinsa kuma, wani dogon Bafulatani da muke ce wa Baffa, shi ne mai canza wa jirgi layi. Baba ɗan coci ne, Baffa ba ya wasa da salla, amma jita ta haɗa su tun suna samari. In an tashi aiki da yamma sai su zauna a gindin mangwaron ƙofar gidanmu. Baffa yana riƙe abin da suke kira uwa, wato ɗan gajeren zagayen kiɗi a kan manyan tsirkiyoyi, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ba ya canzawa. Baba kuma ya hau kai da 'ya a kan ƙananan tsirkiyoyi, yana magana. Magana nake nufi ta gaske. Wanda ya iya yarenmu sosai yana jin kalmomi a ciki, ya san yanzu gaisuwa ake yi, yanzu zolayar wani ake yi, yanzu faɗa ne. Baba ba ya waƙa da baki. Cewa yake muryarsa ta kwaɗo ce, shi ya sa Allah ya mayar masa da bakinsa kan yatsu.

Ni dai ban gaji komai ba. Yatsuna kamar rogo suke, waƙar coci ma in na ɗauka sai na kusa da ni ya matsa. Yarenmu rabi na iya, don a kwatas da Hausa muka tashi. Ga kuma dokar gida: ba mai taɓa jitar Baba, ko da tsumma ne za ka goge mata ƙura.

A shekarar tamanin da bakwai aka yi tashin hankalin nan da manyanku suka sani, ba sai na tona ba. Ba abin da ya sami Baffa a jikinsa, amma bayan abubuwa sun lafa matarsa ta ce ita ba za ta ƙara iya sakin jiki a garin ba. Ya nemi canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa suka yi arewa. Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba saƙo ya iso cewa ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ya rataye jitarsa a ƙusa. In an ce ya kaɗa sai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kawar da kai.

Da ya yi ritaya suka koma ƙauyenmu can wajen Manchok, shi da Mama da ƙanwata, auta, kuma ita kaɗai ce mace a cikinmu. A can ta ƙarasa girma, yare ya zauna a bakinta fiye da kowannenmu. Ni kuma ina Kaduna, ina aiki a wata masaƙa, sai lokaci-lokaci nake leƙa su. Mama takan ce mini wani sa'in Baba yana sauke jitar ya ɗan taɓa a ɗaki, amma da ya kai inda uwa ya kamata ta amsa masa sai ya tsaya, ya mayar da ita ƙusa.

Tsakiyar shekarun casa'in aka sa ranar auren ƙanwata, bayan Ista. A wajenmu ana gobe ɗaurin aure ake taron sallamar amarya a gidan iyayenta, sendof muke ce masa. 'Yan coci su zo, dangin miji su zo, zumuntar matan coci su zo da tulunan kiɗa da caki. A ci, a sha, a ba da kyauta, amma ƙashin bayan taron shi ne lokacin da uba zai yi wa 'yarsa maganar ƙarshe tana 'yar gidansa, a gaban kowa. Sau ɗaya ake yin ta.

Na je gida ana shirye-shirye, Mama ta ja ni bayan ɗakin girki inda take tsince acca.

"Ƙanwanka yana kuka kullum," ta ce, da irin Hausar manyanmu da ba ta raba mace da namiji. "Tun yana goye babanku ya yi mashi alkawari da jita zai sallame shi, Baffa ya riƙe mashi uwa. Yanzu ya ce wai fasto ya yi addu'a kawai, ya isa. Kai ne babba. Ka yi wani abu."

Me zan yi? Da zan iya riƙe uwa da tuni na riƙe. Na nemi wani ɗan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu, da ya ɗan iya jita, Baba ya saurare shi kaɗan ya ce wannan noma yake yi, ba kiɗi ba. Na koma Kaduna ba tare da mafita ba.

Ana nan sai aka yi wani taron mawaƙan coci a Kaduna, na je kallo. Wani mutum ya hau shi kaɗai da jita irin ta Baba, ta katako. Ya taka wani ɗan akwati a ƙasa, ya kaɗa ɗan zagaye, ya sake takawa. Sai zagayen ya ci gaba da kansa a lasifika, shi kuma ya hau kai da wani kiɗin daban. Ana tashi na bi shi har bakin mota. Ya ce abu biyu ne: fikof, wanda ake sa wa jitar don ya ɗauki sautinta ya tura cikin waya, da feda, akwatin nan da ake takawa. Ya kwatanta mini shagon da ake samun na hannu.

Ƙarshen mako na kama motar gida na yi wa Baba bayani, ina yi ina taka ƙasa kamar mai keken ɗinki. Ya bar ni na gama.

"Wato akwati ne zai zama Baffa?"

"A'a Baba. Kai za ka kaɗa uwar da hannunka, shi kuma ya riƙe maka, ka hau kai."

Can ya ce, "Uwan nan na san shi kamar addu'an Ubangiji. Yana kunne na har gobe. Mene ne ɗayan, fikof ɗin?"

"Shi ne zai ji abin da kake kaɗawa ya kai wa lasifika."

"Kunne ke nan. To ka sayo kunnen. Amma ka ji ni da kyau, ba wanda zai huda jita na. Ko da allura."

Shagon ɗan ƙarami ne, cike da tsofaffin kayan kiɗa da ake saukewa daga ƙasashen waje. Mai shagon, wani ɗan kudu mai fara'a, ya zube mini kunnuwa kala uku a kan tebur. Na farko siriri ne, ana sa shi a ƙarƙashin ɗan katakon nan da tsirkiyoyi suke hawa, ya ce shi ya fi kowanne fitar da sautin jita yadda yake, amma sai an huda jikinta an fitar da waya. Na ce a mayar da wannan. Na biyu kamar maɓallin riga yake, ana manna shi a jikin katakon. Ya ce wannan komai yana ji, har gogar rigar mai kiɗi, kuma in an ƙara sauti a fili yakan sa lasifika ta yi ta kuka. Na uku ɗan baƙin sanda ne da ake maƙalawa a bakin ramin jitar, da mayen ƙarfe a cikinsa. Ba huji, ba kuka.

"Don taro na waje, wannan ne oga," ya ce. "Amma tsaya. Waya na jita ɗin, ƙarfe ne ko roba? Wannan ƙarfe kawai yana ji."

"Ƙarfe mana," na ce.

Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don na sani ɗin. Tun ina yaro nake ganin tsirkiyoyin nan suna tsatsa da damina, Baba yana goge su da kananzir. Abin da ban sani ba, kuma bari in gaya muku tun yanzu, shi ne bayan komawarsu ƙauye gaɓoɓin yatsun Baba sun fara kumburi, fatar kan yatsun ta yi laushi saboda rashin kiɗa, ƙananan tsirkiyoyin nan uku suna yankarsa. Sai ya sa Mama ta sayo masa igiyar fatsa a kasuwar Kafanchan, irin farar nan ta roba, ya zaɓi kauri daban-daban ya ɗaura a madadinsu. Manyan uku ya bar su na ƙarfe. A ƙauye wannan ba labari ba ne, duk mai jita haka yake yi in tsirkiya ta tsinke ko ta dame shi. Ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Muka koma kan feda. A nan ma na sha kallo. Akwai wadda take sa jita ta yi gurnani kamar ana yanka kwano, mai shagon ya ce samari ita suke so. Akwai mai sa sauti ya yi ta karkarwa, akwai mai amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Ya so ya haɗa ni da biyu ko uku, na ce mutumin da zan kai wa tsoho ne, ƙafa biyu gare shi, ɗaya ma tana ciwo. Da ƙyar ya tono mai riƙewar daga ƙasan wani kwali, fentinta duk ya goge. Ya ce ɗan gajeren abu take iya riƙewa. Na yi masa uwar Baffa da baki, da muryar nan tawa, ya danne dariyarsa ya ce wannan zai shiga. Ya maƙala kunnen a jitar shagonsa, ya taka, ya kaɗa, ya taka. Abu ya yi kyau, manya da ƙanana duk suna fita tar. Na fito daga shagon ina jin ba ɗan da ya kai ni a duk ƙasarmu.

Ƙauyenmu babu wuta lokacin. Fedar tana aiki da batir, amma sauti ba ya fita sai an haɗa da amfilifaya da lasifika, su kuma sai ranar taro za a kawo su haya daga Kafanchan tare da janareta. Saboda haka a bushe Baba ya koya. Shi ya maƙala kunnen da kansa, ya juya mini baya ma, kada in ce zan taya shi. Na nuna masa yadda ake yi: ka taka, ka kaɗa uwa ta zaga sau ɗaya, ka sake takawa daidai inda ta ƙare. Akwai 'yar jar fitila a kan fedar da take kamawa in an taka. Da ya gan ta ya ce, "A'a, sigina ya ba da hannu!" Ya yi dariya har da buga cinya. Mama ta leƙo daga ɗakin girki ta tsaya tana kallonsa, don ta manta rabon da ta ji wannan dariyar.

Ya yi ta takawa, fitila tana kamawa, ba sauti ko kaɗan, amma ƙafarsa ba ta kuskure. Maganar da zai yi wa ƙanwata kuwa ba wanda ya bari ya ji. Da safe sai ya rataya jitar ya hau dutsen bayan gida, can yake shirya abinsa shi kaɗai. Ƙanwata ta daina kuka. Ta same ni ta ce, "Broda, Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

Ranar sendof muka tashi da ruwan farko na shekara. Hanya ta caɓe, motar da ta ɗauko kayan sauti ta maƙale a wani kwari, ba ta iso ba sai da rana ta karkata. Jama'a sun cika tun hantsi, an ci gwate, an sha kunu, dangin miji sun fara duban hanya. Mai kayan sautin ya ɗaure lasifikokinsa biyu a jikin bishiya cikin sauri, bakinsu yana kallon rumfar baƙi, inda amarya take zaune can ƙarshe da ƙawayenta. Wayar jitar gajeriya ce, saboda haka aka ajiye wa Baba bencinsa a ƙofar ɗaki, bayan lasifikokin. Na ce a ɗan ba mu lokaci mu gwada. Mai gabatar da taron, wani malamin makaranta ɗan uwanmu mai zaƙin baki, ya ce wane gwaji, baƙi za su kama hanya. Baba ya daki babbar tsirkiya da babban yatsa, lasifika ta amsa dum, jama'a suka yi shewa. Iyakar gwajinmu ke nan.

Baba ya taka. Ya kaɗa uwar Baffa, ta zaga, ya sake takawa. Ya ɗauke hannunsa, kiɗin ya ci gaba da kansa, ya cika filin. Tsofaffin abokan aikinsu na reluwe da suka zo daga Kafanchan suka dubi juna, wani ya cire hularsa. Na ga Mama ta toshe baki da gefen zaninta. Baba ya rufe ido, ya kwantar da kansa a kan jitar kamar yadda ya saba, ya kai yatsunsa kan ƙananan tsirkiyoyi.

Ba abin da ya fito.

Uwa tana ta zagawa, yatsun Baba suna ta tafiya, lasifika ba ta san ana yi ba. Na ce wa mai kayan sauti ya ƙara. Ya ƙara, uwar ce ta ƙara ƙarfi. Na ce ya duba waya, ya ce waya lafiya lau, ai ga shi muna ji. Mutane suka fara kallon juna. Na hango ƙanwata ta miƙo wuya daga cikin rumfa, ta karkata kunne, tana jira a fara.

Shi kuwa Baba bai san komai ba. Kunnensa yana jikin katakon, yana jin 'yar da yake kaɗawa sarai, ga uwa tana zuwa masa daga bishiya. A wurinsa komai ya cika. Hawaye suna bin fuskarsa, yana ɗan girgiza kai yana amsawa, irin yadda yake yi wa Baffa a gindin mangwaro.

Na zagaya na durƙusa a gabansa, kusa har ina jin numfashinsa. A nan na ji. Kiɗi ne siriri, a hankali, yana hawa yana sauka kamar mutum yana magana da wanda yake lallashi. Duk zamana da Baba ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Na san magana yake yi, amma kalma ɗaya ban kama ba. A nan kuma na ga ƙananan tsirkiyoyin, farare, rana tana ratsa su. Tambayar mai shago ta faɗo mini a rai.

Makirufo ɗaya ne a wurin, yana hannun mai gabatarwa. Na ruga na fizge shi, na jawo wayarsa na kai shi bakin jitar. An riga an ƙure sauti, ina kaiwa lasifikokin suka tsala wani irin ihu da ya sa kowa ya toshe kunne, jarirai suka fashe da kuka. Mai kayan sauti ya yi maza ya kashe komai. Baba ya buɗe ido, ya ga mutane da hannu a kunne, wasu suna dariya. Garin neman gira na rasa ido.

Da aka kunna, mai gabatarwa ya karɓi makirufonsa. Na san nufinsa ya rufa mana asiri ne. Ya ce, "Jama'a a tafa wa Baba! Tsohon ma'aikaci ke nan, ya tuna mana da jirgin ƙasa, cukucuku, cukucuku, har da usur a ƙarshe!" Aka kwashe da dariya, aka tafa. Zumuntar mata suka daki tulunansu suka ɗauki waƙa, aka shiga rawa. Baba ya zare wayar daga jikin kunnen a hankali, ya tashi ya shige ɗaki. Fasto ya yi addu'a, aka miƙa yarinya.

Washegari aka ɗaura aure, Baba ya je coci ya yi duk abin da uba yake yi, bai ce mini uffan ba. Sai da baƙi suka watse na same shi a bayan gida yana gyaran ƙotar fartanya.

"Zamani ya wuce mu," ya ce, tun kafin in zauna. "Na ba su duk abin da yake ciki na, sun toshe kunne."

"Baba, ba su ji ka ba ne."

Na yi masa bayanin mayen ƙarfe da igiyar fatsa, da tambayar da aka yi mini a shago da amsar da na bayar. Ya ajiye fartanyar.

"To me suka ji?"

"Uwa kawai."

"Yarinyan fa?"

"Ita ma."

Sannan ya yi wani ɗan murmushi da na gwammace ya mare ni a kansa.

"Wato Baffa suka ji. Shi da ya mutu ya zo sendof, ni da nake da rai ban zo ba."

Na ce zan koma Kaduna in sayo tsirkiyoyin ƙarfe, ko in sayo kunnen nan na mannawa. Na ce ko ma a bar inji gaba ɗaya, in ɗauko ƙanwata ta zo ta zauna a ɗaki kusa da shi ya kaɗa mata, ita kaɗai.

"Ba a sallama yaro sau biyu," ya ce. "In na sake, ina ce mashi ya dawo gida ke nan. Kana so auren ƙanwanka ya mutu?"

"To ka gaya mata da baki."

"In da zan iya da baki, me ya kai ni jita?"

Na roƙe shi, Mama ta roƙe shi, ƙanwata da ta zo ganin gida ta durƙusa masa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya, amma bai ƙara sauke jitar daga ƙusa ba. Yatsun suka ci gaba da kumbura har suka lanƙwashe, cokali ma sai an riƙe masa. Kafin shekarun casa'in su ƙare ya rasu. Mai kayan sautin ya ɗauki taron a kaset, yana cikin aikin da aka ɗauke shi, amma daga jikin amfilifayarsa ya ɗauka. Ƙanwata ta saurara sau ɗaya ta ba ni. Uwa ce take ta zagawa ita kaɗai, sai ihun lasifika, sai dariya.

Na san wasunku za su rubuto mini cewa haka Allah ya so, kada in damu kaina. Na yarda, kuma an daɗe ana gaya mini. Wasu kuma za su so in fitar musu da darasi. Gaskiya ban sami darasin da ya kai girman asarar ba. In akwai, ɗan kaɗan ne: in za ka saya wa jita kunne, ka ɗauki jitar kanta ka kai shago, ka gwada kowace tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ko da mai ita zai yi fushi. Kuma abin da ka sani game da iyayenka shekarun baya ba lallai shi ne yake nan yau ba. Suna canzawa a hankali kana can wajen neman abinci, yatsunsu suna ciwo, suna yin 'yan dabarunsu, ba sa ganin abin ya kai a faɗa. Ni na je shago da baban da na sani ina yaro.

Abin da yake cin raina har yau shi ne yadda abin ya rabu. Wadda za ta fahimci maganar tana can cikin rumfa, ba ta ji ba. Ni da na ji, ban iya yaren da zan fahimta ba, ban kuma iya riƙe waƙa da zan maimaita mata ba. Na sha gwadawa ni kaɗai a mota, abin da yake fitowa daga bakina ba shi da alaƙa da abin da na ji.

Bara ƙanwata ta yi wa tata 'yar sendof. Auren nata yana nan lafiya, ta yi furfura, ta yi jikoki. Bayan an watse muna zaune a tsakar gida ta sake yi mini tambayar da take yi mini duk bayan 'yan shekaru.

"Broda, kai da ka matsa kusa, me Baba ya ce mini?"

Kullum cewa nake ban gane ba. A wannan karon na ga ta gaji, na ji tausayinta, sai na ce, "Cewa ya yi Allah ya ba ki zaman lafiya a gidan mijinki."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta girgiza kai.

"Broda, wannan ai kowa ma ya ce mini."